Amin ɗin da na ce

Yara biyu na shayar a shekara guda. Ɗaya nawa ne, ɗan fari, wanda har yau ba na kiran sunansa. Ɗayan na ƙanena ne, wanda fatauci ya kai shi Katsina ya yi aure ya zauna. Matarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwa, nono ya ƙafe, aka kawo mini jinjirin Yamai cikin zane. Shekara bakwai ya yi a ɗakina, yana bi na lakwal inda nake koyarwa, kafin ubansa ya ɗauke shi. Da suka girma sai kowane ya shiga soja, nawa a nan, na ƙanena a can. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ba wanda ya ji.

Sai ga shekarar da mulki ya sake hannu a ƙasarmu. Maƙwabta, waɗanda jiya-jiya sojojinmu da nasu ke kwana rami ɗaya, suka taru suka ba mu wa'adi. Wasu maƙwabtan kuma suka ce wanda ya taɓa mu ya taɓa su. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Manya na tashi daga wannan birni zuwa wancan suna ciniki da ƴaƴanmu kamar masu taya rago a kasuwa: yau a ce an sassauta, gobe a ce an sa rana. A kasuwar Katako farashin shinkafa ya haukace. Ni kuwa ina ruwana da shinkafa? Na ga kamiyo bayan kamiyo cike da soja suna wucewa ta unguwar Gaweye, aka ce nawa na ciki, an nufi iyaka da su.

Ɗan ƙanena ya kira ni sau ɗaya. Ya ce, "Gwaggo, an matso da mu kusa, amma kar ki damu." Na ce, "Kusa da ina, ja'iri?" Ya yi dariya, waya ta katse.

A lokacin kowane masallaci alƙunut ake yi. Mu mata muna cikin gida bisa tabarma, lasifika na kawo mana addu'ar liman, mu amsa daga inda muke. Ranar da wa'adin ya cika, da magariba, limamin unguwarmu ya roƙi Allah, duk wanda ya ɗauko makami ya nufo ƙasar nan, kar Ya maishe shi gida wurin uwarsa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ban amsa cikin ruɗu ba, ba kuma bin bakin jama'a na yi ba. Fuskar yaron ta zo mini sarai, har da tabon goshinsa na faɗuwa daga bisa katanga. Na gan shi, na ga nawa, na auna. Sannan na ɗaga hannu na ce amin, da ƙarfi, har maƙwabciyata ta ji ta bayan bango.

Ba a yi yaƙin ba. Manya suka yi ta ja har suka gaji, kowa ya janye abinsa. Nawa ya dawo da ƙafarsa, ya rame, yana tambayar tuwo. Ɗan ƙanena kuwa, aka ɗauke su daga iyaka aka tura su wani daji bin ƴan bindiga. Can aka yi musu kwanton ɓauna, bai kai gida ba.

Na san abin da malamai za su ce, ajali ne, kuma ai bai ƙetaro iyaka ba. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma tun ranar, in liman ya fara addu'a sai in ji harshena ya yi nauyi. Nakan saurari kowace kalma tukuna, in duba ko akwai ɗan wani a cikinta. Kafin in gama dubawa an shafa.

Sai da aka buɗe iyaka na samu zuwa gaisuwa, watanni bayan an share makoki. Ƙanena ya tsufa farat ɗaya. Matarsa ta ja ni ɗaki, ta riƙe hannuna biyu ta ƙi saki.

Ta ce, "Yaya, kwanakin nan na wa'adi ni ko sallar kirki ban iya ba, don tsoro. Shi yaron ke lallashina. Ya ce, Inna, kwantar da hankalinki, Gwaggo na can tana mini addu'a, ita kuwa bakinta ba ya faɗuwa ƙasa."

Ta yi mini godiya har sau uku. Na ce mata ba komai.