Hannun Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan magana ta zama dole, sai ta ce "wannan mutumin", tana kallon wani wuri. A cikin wannan kunyar na girma, na yi jami'a, na kama aikin gwamnati, na tara iyali, kuma ba ta taɓa damuna ba sai da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Hajiya a gidana na Badarawa.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce dole a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar bayanta za ta saluɓe ta zama gyambo, gyambon kwanciya kuwa a jikin tsohuwa yana iya zama ajali. Ƙannena mata suna aure a nesa. Matata ta ɗauki juyin dare, duk da tana koyarwa da safe. Na rana kuma muka samo wata mata Kirista, 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Kurmin Mashi, wadda ta daɗe tana aikin jinya a asibiti kafin ta koma bin gidaje. Sista muke ce mata.

Nawa aikin shi ne sayen magani da tsayawa a bakin ƙofa. In ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ita kuma ta ce wa Sista, "Ce masa lafiya lau." Na ɗauka ladabi nake yi. Yau ina tambayar kaina ko ladabin ne, ko kuwa mafaka na samu.

A shekara ta biyu mahaifiyar Sista ta rasu a ƙauyensu. A tsakar gida ta faɗa mini. Na ce Allah ya ba da haƙuri, ban ko ja numfashi ba na ƙara da, "Yaushe za ki dawo?" Har yanzu ina jin nauyin wannan tambayar. Kwana huɗu ta yi ta dawo, tun masu gaisuwa ba su watse ba.

Daga nan ta canza. Ta daina tsokanar Hajiya, ta daina waƙoƙin cocin da take yi ƙasa-ƙasa tana wanki. Ni kuwa tsoro ya shige ni. Kowace safiya ba na iya karyawa sai na ji ƙarar ƙofar gida. A ofis sai in tsinci kaina ina kallon takarda ɗaya na tsawon lokaci, ina tunanin yadda za mu yi ranar da ba ta zo ba. Matata ma ta fara gyangyaɗi a kan sallaya. Na ga duk wannan, ban yi komai ba.

Wata Asabar da hantsi matata ta kira ni gefe. Ta ce ta ga ja a ƙasan bayan Hajiya, faɗinsa kamar tafin hannu. Na fita da niyyar faɗa. A bayan kicin na sami Sista zaune a kan turmi, ga ruwan wankan Hajiya a gabanta ya huce.

"Sista, lafiya?"

"Alhaji, ba sai ka tambaya ba. Jiya juyi biyu na tsallake. Ina zaune ina kallon agogo, hannuna ya ƙi tashi." Ta share fuska da bakin zane. "Na tsufa ina juya iyayen mutane. Tawa uwar maƙwabta ne suka juya ta har ta tafi."

Faɗan da na zo da shi ya ɓace, tsoron ya dawo.

Ta ce, "Ku ba ni kwana biyu a mako, ko ku nemi wata. Madam ma ta gaji, ko ba ka gani?"

"To wa zai juya ta?"

"Kai ba ka da hannu ne?"

"Sista, kin san ni ɗan fari ne. Ba za ta yarda ba."

"To je ka yi wa wannan jan bayani, ka ga ko zai saurare ka."

Ta miƙe, na bi ta, na ƙetare ƙofar da na shekara biyu ina tsayawa a bakinta. Da Hajiya ta gane abin da ake shiri, sai ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Ta ce, "Ba na so."

Sista ta ce, "Mama, in kin ƙi, ni ma kwanciya zan yi kusa da ke, sai ya juya mu mu biyu."

Sista ta nuna mini: a ɗora hannun da ya shanye a ƙirji, a lanƙwashe gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, sannan a tokare da matashi. Na yi yadda ta nuna. Rashin nauyinta ya fi komai razana ni.

Can daga ƙarƙashin mayafin muka ji ta ce, "Ce wa wannan mutumin hannunsa da sanyi. Gobe ya murza shi tukuna."

Sista ta karɓi hutun Lahadi da Litinin, ni na riƙe juyin Lahadi, na kuma nemi izinin Litinin a ofis. Jan ya ɗauki makonni kafin ya dushe, kuma kullum sai na tambayi yadda yake.

Bara Hajiya ta rasu. Matan da suka yi mata wanka sun ce babu ko ƙwarzane a bayanta. Ranar zaman makoki na hango Sista tana raba wa baƙi ruwa. Na roƙi matata ta karɓi butar, ta zaunar da ita a tabarmar masu karɓar gaisuwa.