Kwalbatin Akitek Buba

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen gine-gine na jami'ar nan da ke bayan garin Minna ya san Akitek Buba. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar ƙasar ma aro aka ba shi. Shekara ashirin da uku ke nan yana zaune a teburi ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya mai ƙara. Daraktoci biyar sun zo sun tafi sun bar shi. Waɗanda ya koya wa naɗe takardar zane sun zama manya a Abuja da Kaduna, in sun leƙo gaishe shi sai su ce, "Oga, har yanzu kana nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ina zan je?" Su yi dariya, a zatonsu wasa yake yi. Ba wasa ba ne, abin tausayi ne.

A ruga aka haife shi, can gefen Garatu, tun titin Bida bai san wahalar tireloli ba. Shi ne ɗan fari a wurin Baffa Sanda. To, ɗan fari a gidan Bafillace an san halin da yake ciki. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye, ko da son da yake masa zai kashe shi. Ana yaye Buba aka miƙa shi ga goggonsa da ke aure a Bosso, a can ya shiga boko. Ƙannensa suka gaji sanda, shi ya kama fensir har ya kai shi Zariya. Ranar da ya dawo da takardar digiri, Baffa ya sa aka yanka rago, sannan ya dubi Rahmatu, ƙanwar Buba, ya ce, "Ki ce wa mutumin nan an gode Allah." Mutumin nan kuwa yana zaune taku uku daga gare shi. Haka suke magana har yau, ta bakin Rahmatu.

Kada ka ji an ce akitek ka ɗauka shi ke zana manyan ɗakunan karatun nan masu gilashi. Waɗancan daga kamfanonin Abuja ake kawo zanensu a naɗe. Aikin Buba shi ne bin ɗan kwangila da tef ɗin awo, ya murza yashi a tafin hannu ya ji ko da laka, ya fasa bulo guda daga kowace mota ya ga ko an yi wa siminti rowa, ya dawo ofis ya rubuta rahoto, gobe ya zauna a kwamiti a karanta masa rahotonsa. Abin da ya zana da hannunsa har aka gina bai taka kara ya karya ba: ɗakin masu gadi biyu, rumfar jiran mota, banɗakuna, sai katanga.

Katangar ce ta kama shi. Shekara goma sha takwas da suka wuce aka tashi kewaye filin jami'a, aka ɗora masa aikin. Da ya shimfiɗa taswira sai ya ga rafin da shanun rugarsu ke sha tun zamanin kakanni ya faɗa cikin fili, katanga kuma za ta datse burtalin da garke ke bi. Ba wanda ya yi zalunci. Fili na jami'a ne, da takardarsa da komai. Sai dai saniya ba ta karanta takarda.

Burtalin nan ta wani kwari yake bi, inda ruwan damina ke gangarawa. Dole a yi kwalbati a wurin don ruwa ya wuce ƙarƙashin katanga da titin sintirin masu gadi. Lissafi ya ce ƙafa uku ta isa. Ranar wata Asabar Buba ya tafi ruga da tef a aljihu, ya sa ƙannensa suka riƙe masa babban bijimin Baffa, ya auna daga tsinin ƙaho zuwa tsinin ƙaho, ya ninka biyu, ya ƙara ɗan abin da ya ƙara. Baffa na gindin ɗorawa yana tufkar igiya, bai ɗago kai ba. Da zane ya fito, kwalbati ya tashi ƙafa takwas a tsaye, goma a kwance.

Injiniyan da zai sa hannu a lokacin wani dattijon Babarbare ne, abokin wasan Fulani. Ya dubi zane, ya dubi Buba ta saman tabarau.

"Kai Bafillace, wannan ruwan naka mai ƙaho ne?"

Buba ya ce ai wurin yana ambaliya sosai a wasu shekarun.

"Ƙwarai kuwa," in ji dattijo. "Har na ji ruwan yana kuka." Ya sa hannu.

Tun daga nan, da hantsi shanun Baffa su shige ta ƙarƙashin katanga bibbiyu, su sha ruwa, su yi kiwo a dajin bakin rafi inda gini bai kai ba, kafin la'asar sun fita. Masu gadi na gani su kau da kai, dama yawancinsu 'yan ƙauyukan nan ne. Baffa bai ce an gode ba, bai aiko Rahmatu da komai ba. Ya dai kora shanunsa ta wurin, Buba ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

Amma abin da aka gina a kan kau da kai, sai da mai tsaronsa. Duk bayan shekara biyu ko uku wani sabon shugaba zai zagaya katanga ya ce wannan ƙaton rami fa? A kafa kwamiti. Kowane kwamiti kuwa Buba ne sakatarensa, don shi ya san tarihin katanga, shi ke da asalin zane. Sai ya rubuta cewa ana kan nazarin yawan ruwan da ke bi ta wurin, a jira damina ta wuce. Damina ta wuce, shugaba ya shiga wata sabgar, fayil ya koma ƙasan durowa. Ya ƙware a wannan sana'a fiye da yadda ya ƙware a zane, kuma ya san haka, abin yana cin ransa.

Sharif, abokin karatunsa na Zariya, ya buɗe kamfani a Abuja. Sau uku yana kiransa. "Buba, duk ajinmu ba wanda ya kai ka hannu. Ka zo mu yi gini na gaske, ka bar ƙirga banɗaki." Sau uku Buba na cewa bari dai a ga bayan damina. Aka ba shi damar ƙaro karatu na shekara biyu a ƙasar waje, ya ce jikinsa ba ya son sanyi. Hutun shekara ma gutsi-gutsi yake ɗauka, kada a zauna taron katanga ba ya nan. Matarsa Nuriyya ta gaji ta ce, "Wai cibiyarka aka binne a jami'ar nan?" Bai gaya mata ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gaskiyar magana, ya zo ya tsani kwalbatin nan. Wani lokaci in ya fita duba aiki yakan tsaya a kansa, ya buɗe waya ya kalli benayen da Sharif ke turo masa, ya ga kuskuren da shi ba zai yi ba. Sai ya ji takun kofato a ƙarƙashin ƙafarsa, ya leƙa ya hangi malafar Baffa tana bin bayan garke, ya mayar da waya aljihu.

Ruga kuwa tana ta watsewa. Gonaki suka matso, gidajen haya na ɗalibai suka matso. Baffannin Buba suka tashi da garkensu suka yi kudu har ƙetaren Kwara. Ƙannensa maza, su Uthman, suka karɓi rabonsu suka bi su. Aka yi aka yi da Baffa ya tashi, ya ce shi yana nan. Ya zauna da Rahmatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Da Buba ya ga haka sai ya ce a ransa, tsoho ya dogara da ruwan da na tsare masa, in na matsa ya shiga uku. Ya ƙara gyara zama a kujerarsa.

Bana aka gama sabbin ɗakunan kwanan ɗalibai mata a bakin rafin, daidai inda shanu ke kiwo. Hukuma ta ce a bi katanga a toshe duk wata kafa kafin yara su tare. Aka ba Injiniya Purity aikin, wata matashiya mai kaifin ido wadda Buba da kansa ya koya wa fasa bulo. Ta zagaya katanga da ƙafa, kwana uku. Rana ta huɗu ta shigo ofishinsa ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Da irin Hausarta ta Minna ta yi magana.

"Oga, wannan kwalbati na kwari, na shiga ciki. Kashin shanu ya cika shi."

Buba ya ce ana kan nazarin ruwan wurin.

"Na karanta fayil, Oga. Duka. Shekara goma sha takwas ana nazari. Ni ban zo kai kara ba. Na san na Baba ne. Amma inda shanu biyu ya wuce, mutum goma zai wuce. Yara mata dari shida za su kwana wurin. In naka yarinya ne fa?"

Yana da ita kuwa, Hidaya, bana ta shiga aji ɗaya a jami'ar. Da Purity muguwa ce da abin ya zo masa da sauƙi, da ya san ta inda zai ɓullo mata. Amma gaskiya ta faɗa, shi ma ya san gaskiya ce tun ranar da aka aza harsashin ɗakunan. A wannan karon bai nemi zama sakatare ba. Darakta ya ce tunda asalin zane na wurin Buba, shi zai zana ragar ƙarfen da za ta toshe bakin kwalbati, ruwa ya wuce, komai kada ya wuce. Ya zana, kuma ya zana da kyau, don hannunsa bai iya aikin banza ba. Aka ce masu walda za su zo ranar Litinin.

Ranar Asabar da la'asar ya hau mota zuwa Garatu, ya ƙarasa da ƙafa. Shanu sun dawo an ɗaɗɗaure su. Ya ƙirga su da ido, goma sha ɗaya, duk haƙarƙari a waje. Garken da ya auna bijiminsa ya haura sittin. Rahmatu na wanke ƙore, ta shimfiɗa masa tabarma. Baffa na kan buzunsa, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura. Aka gaisa ta bakin Rahmatu, aka tambayi Nuriyya da yara.

Buba ya dubi ƙasa ya ce, "Ki ce wa Baffa jibi za a toshe hanyar. Na yi iya yina."

Rahmatu ta ajiye ƙwarya. Ba ta maimaita ba, ai tsoho ya ji.

"Ki tambayi mutumin nan," in ji Baffa, "abin zai taɓa aikinsa?"

"Ki ce masa a'a."

"To alhamdu lillahi." Baffa ya ja numfashi, ya shafa gwiwarsa. "Ki ce masa kada ya sa wa ransa damuwa. Ciyawar wurin nan ta ƙare tun shekarar da baffanninsa suka tashi. Ruwa kaɗai ba ya riƙe saniya. Ina kallo suna ramewa, ina sayarwa, suna mutuwa. Na san da na bi 'yan'uwana da yanzu garken ya ninka."

Rahmatu ce ta kasa haƙuri, ta yi tambayar da ba a aike ta ba. "To Baffa, me ya hana ka tafiya? Har kuka su Uthman suka yi maka."

Tsoho ya juyar da fuska wajen shanu.

"Ranar da ya zo da abin awonsa ya kama ƙahon bijimina, kin ɗauka ban gani ba? Tun da aka haife shi bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Sai wannan ƙofar da ya gina mini. In na kwashe shanu na tafi, ai na mayar masa da maganarsa ke nan. Na ce zan bi ta har ranar da shi da kansa zai ce ya isa." Ya yi tari. "Ga shi ya ce. Sai dai ƙafa ta riga ta ƙi."

Maganganu suka taru a bakin Buba: kiran Sharif sau uku, karatun da ya ƙi, shekarun da ya ƙarar yana tsaron fayil, duk don tsohon da shi ma don shi yake zaune. Yana so ya faɗa, ko da sau ɗaya a duniya uban nan ya sani. Amma in ya faɗa, tsoho zai haɗa wannan da shanu hamsin ɗin da ya rasa ya ɗauka a ka, kuma ba shi da sauran kwanakin da zai sauke.

Rahmatu ta share ido da bakin zane, ta juyo wurin yayanta.

"Hamma, me zan ce masa?"

Buba ya dubi tabarma.

"Ki ce masa na ji."

"Baffa, ya ce ya ji."

Baffa ya gyaɗa kai. Suka ci gaba da zama har aka kira magariba, ba wanda ya dubi wani.