Kafinta a Zanen Matarsa

Kafintan bayan layinmu ya yi wasan kwaikwayo yana saurayi, zamanin da ba a samun mace a dandali, sai namiji ya ɗaura zane ya fito a matsayin uwa. Shi ne uwar. Da ya yi aure ya bari.

Bana malamar jikokinsa ta roƙe shi ya nuna wa yara yadda ake yi a da. Ya amsa, daga nan abinci ya daina shigar masa, don mijin 'yarsa a sahun gaba na 'yan kallo zai zauna.

Ranar wasan, a bayan labule matarsa ta ce, "Malam, tsaya mana, ɗaurin ya karkace."

"Idan yaron nan ya raina ni fa?"

"To cire min zanena."

Bai cire ba. Ya yi bismilla, ya fita dafe da ƙugu yana faɗa da muryar tsohuwa. Yara suka kwashe da dariya, surukin kuwa kansa a ƙasa.

Da aka tashi, kafinta ko ɗankwali bai kwance ba, surukin ya zo ya durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Yara na tambaya yaushe za a sake."