Litil ɗin Tsoho Mai Tsire

Duk wanda ya zauna a unguwar Zahir ta Makka bayan yaƙin duniya na biyu ya san Tsoho Mai Tsire, ko bai san fuskarsa ba ya san hayaƙin tukubarsa. Ɗan firit ne, in ya tsaya bayan wuta hularsa kawai ake hange. Da ƙafa ya baro Kano yana saurayi, ya yi shekara bakwai a hanya, uku daga ciki a Wad Madani ta ƙasar Sudan yana yanka albasa a kicin ɗin wani Baturen auduga. Daga can ya iso Makka da wuƙa ɗaya, da mata ɗaya, da kalmomin Turanci uku. Abin takaici, duk ukun ma'anarsu ƙarami.

Amma kada ka kuskura ka ce masa ɗaya suke, sai ya ajiye wuƙa ya yi maka karatu har namanka ya ƙone. Sumol, in ji shi, abin da hannu ke iya aunawa ne, kamar tsinken da yake soke wa yara. Taini kuwa sai ka kanne ido kafin ka gani, irin gishirin da matar Bature ke ɗauka da yatsa biyu. Wannan kam duk Zahir an haddace ta, don ita ce sunan gyaran da yake bayarwa.

"Ya Ammi Tsoho," masu saye ke cewa, "gyaran yau taini ne marra, taini ƙwarai!"

Ta ukun ita ce litil, kuma ba ya fito da ita kasuwa. Ta matarsa Shatu ce ita kaɗai. Ita kuwa Shatu, masha Allah, a kaikaice take shiga ƙofar ɗakinta. Tun suna amare yake kiranta Litil, ta ɗauka wata sarauta ce da Turawa ke naɗa wa uwargida. Ba gidan sunan da ba ta yi wa mata fankama da ita ba.

Wata shekara da aikin Hajji aka saukar musu da baƙo, Malam Rabi'u, akawun En'e daga Zariya, wanda ya sha Turanci ya ƙoshi. Da safe ya ji maigida ya ɗaga murya, "Litil, kawo wa baƙo shayi!" Sai ya laluba aljihu ya ciro alewa, zai ba yarinya. Labule ya ɗaga, Shatu ta toshe hasken ƙofa gaba ɗaya. Bawan Allah ya dubi alewa, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa har ya ƙware.

"Alhaji, lafiya?" in ji Shatu.

Ya yi ta kame-kame, ta tsare shi da ido. Da ya ga ba hanya ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. A Turance ma'anarta 'yar ƙarama."

Ta ajiye tire a hankali, ta juya wajen mijinta. "Malam, shekara ashirin da biyu! Ashe ba'a kake yi mini, ni kuma ina yawo da ita gida-gida? Tayyib. Khalas!"

Kafin azahar ta ɗaure kayanta, ta hau jakin haya sai unguwar Ka'akiyya, gidan yayanta Dawuda. Jakin ma bai ji daɗin wannan rigima ba.

Kwana uku ba a hura wuta a tukuba ba, ga gari cike da alhazai. Tsoho ya rasa abin da ke masa daɗi, tsoro ya kama shi sosai, don ya san Shatu ba ta yin fushin wasa. Rana ta huɗu ya gasa tsire, ya zuba gyara wanda ba taini ba, ya tafi biko. Ta ƙi fitowa, don haka daga bayan labule ya yi magana, Dawuda na zaune yana cin tsiren.

"Shatu, akawun nan a takarda ya koya, ni kuwa da idona na gani. Matar Baturen nan tana da ɗa soja, ƙato, ya fi ubansa tsawo. Ran da ya zo ganin gida ta fito a guje ba takalmi, ta yi ɗage don ta kai wuyansa, tana kuka tana cewa litil, litil. Na tsaya da albasa a hannu na ce, to, wannan kalma ba da kamu ake auna ta ba. Wanda kake tsoron kada wani abu ya same shi, shi ake gaya wa. Da ba'a nake so, ai ina da taini."

Dawuda ya ƙware shi ma. Daga bayan labule sai Shatu ta ce, "Dawuda, ka rage mini tsiren nan."

Ta koma, amma da sharaɗi. Tun daga ranar ta raɗa masa Sumol, ta ce shi kam hannu na iya auna shi. A gaban baƙi take kiransa haka, yara suka ɗauka, har Larabawan kasuwa. Ya yi ƙorafi ya gaji, ya haƙura, shekara tara yana amsawa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya ƙara ƙanƙancewa, ita ke ɗaga shi da hannu ɗaya ta gyara masa shimfiɗa. Wata safiya ta kawo kunu ya kau da kai. Ta lallashe shi da Hausa, ta yi masa faɗa da Larabci, bai buɗe baki ba. Sai ta zauna a bakin tabarma, ta tallafi kansa.

"Sha mana, Litil."

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kin ga? Ba ɗaya suke ba." Ya sha cokali uku.