Bulon Roba da Hannun Daman Madam Rifkatu

Da safen nan ina cikin ɗaura ɗankwali zan fita ofis, waya ta yi ƙara. Saratu ce, 'yar Madam Rifkatu. Ta ce, "Anti Hannatu, Mama ta tafi."

Na ce ta tafi ina? Wallahi haka na tambaya. Matar da na baro ranar Asabar tana yi mini faɗa a kan launin rufin ɗaki, ban ga inda za ta ba in ba kasuwa ba.

Madam ta rasu. Ta kwanta lafiya lau, ba ta tashi ba.

Na yi kuka har na gode Allah. Amma tun ɗazu in na ɗauki waya zan rubuta maganar jimami, sai in tuna wani abu nata, dariya ta kubce mini. Waɗanda suka san ta za su gane. Waɗanda ba su san ta ba, ku ɗan zauna in ba ku labari.

Ita ce shugabata a rajista, ofishin ajiye fayil-fayil, lokacin da na kama aikin gwamnati, ina yarinya ɗanya shakaf. Madam tana da sa hannu wanda duk sakateriya an san shi: ƙaton R mai wutsiya, wutsiyar ta zagayo ta ƙarƙashin sunan ta sake hawa sama. Ko daga bakin ƙofa ka hango takarda ka san ta bi ta teburinta.

Kuma ba ta ɗaukar jagwalgwalo. Ka kawo mata takarda da rubutun ganin dama, ba za ta ko ɗago kai ba. Turo maka za ta yi da ɗan yatsa ta ce, "Je ka sake." Ni kam na sha "je ki sake" har ina jin ta a mafarki.

Amma ranar da na ɓatar da fayil ɗin wani babba, ita ta tuɓe takalmi ta hau kujera muka zazzage kabad ɗaya bayan ɗaya. Da muka samu, ba ta gaya wa kowa ba har ta bar aiki.

Da na haihu, ita ta fara zuwa, da doya uku a ka da kunun gyaɗa a fulas. Ta kori kowa daga ɗakin ta ce in yi barci.

Bayan ta yi ritaya ta koma gidanta na Nukkai, ba a daɗe ba hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye. Da taimakon Allah ƙafa ta dawo. Baki kuwa shi ya riga komai dawowa, mu muka sha. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule, ko cokali ba sa riƙewa.

Ana cikin haka aka kira tantance 'yan fansho, ni na raka ta. Da layi ya zo kanta aka miƙo biro, ta gwada, biron ya faɗi. Ta sake, ya sake faɗuwa. Ma'aikacin ya turo tawada ya ce ba komai, Mama ta dangwala yatsa kawai. Ni na kama babban yatsanta na danna a tawada, na danna a takarda.

Muka hau keke napep muka kamo hanyar gida. Sai goge yatsan take da bakin zane. Da muka sauka ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Hannatu, ni Rifkatu aka sa na dangwala. Na gaba in ya zo, da biro zan sa hannu, ko in mutu a layin."

Na san ba wasa take ba. Ba fanshon ne ya dame ta ba, sunanta ne.

Likitan gashin ƙashi ya ba ta ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa safe da yamma. Kwana uku ta yi ta wurgar da shi bayan gida. Ta ce ita ba tatsar nono ta zo yi duniya ba, a ba ta aikin da in an gama za a ga an yi wani abu.

Sai wata rana Saratu tana kwashe tsofaffin kayan kakarsu da aka kawo daga garinsu Mutum Biyu, ta ci karo da wani gwangwanin biskit duk ya yi tsatsa. A ciki 'yan bulon roba ne na wasan yara, irin masu ƙuraje a sama ɗin nan da ake maƙala wani kan wani a yi gini. Za ta zubar, Madam ta daka mata tsawa.

Ashe nata ne. Babansu kuku ne a gidan wata Baturiya mai aikin jinya, da za ta koma ƙasarsu ta bar wa yaran gwangwanin. Madam ce babba, don haka ita ce injiniya, ƙannen su ne lebura. Ta nuna mini shatin haƙori a jikin bulon ta ce nata ne, da baki suke ɓamɓarewa in sun maƙale. Rabonta da su tun kafin a kai ta makarantar kwana.

Ranar ta baje su a faifai ta ce a ba ta wuri.

Ina nan zaune ta yi ta fama da guda biyu tun bayan la'asar. Zufa har wuya. Hannun hagu sai miƙowa yake zai taimaka, ita kuma tana make shi. Da abin ya ishe ta, sai ta ɗaga ta zauna a kansa. Eh, ta danne hannun hagun da zama! Haka ta yi ta yi har bulon nan biyu suka ce ƙas, suka haɗu.

Ta ɗaga su sama tana kallona ta ce an aza harsashi.

Dokokinta biyu ne: ban da hagu, ban da haƙori. Kuma duk abin da ta gina, washegari sai ta rushe da kanta, don ɓamɓarewa ta fi haɗawa wuya, ita ce ke buɗe yatsu. In katanga ta karkace ina ji za ta ce wa kanta, "Rifkatu, je ki sake." Ranar da na fara jin haka na yi dariya har da riƙe ciki. Ashe abin har da ita.

Bulon gwangwani ya yi mata kaɗan, aka ɗora mini aikin nemowa. Na samo wani Alhaji mai gwanjon kayan wasa a babbar kasuwa, ɗan asalin Kano, yana da su a buhu, gauraye da ƙafar 'yartsana da tayar mota. Ya rasa yadda zai sayar, sai ya ɗauko mudu ya auna mini kamar gero, har da gyara. Ya tambaya jikoki nawa ne haka, na ce na tsohuwa ɗaya ne. Da ya ji labarin, tun daga ranar in ya kwance sabon dila shi da kansa yake tsince mata ya ajiye gefe.

In na kawo, a wanke da sabulu, a shanya a tabarma a tsakar gida. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga ja da kore a shanye, ta tambaya ko wani sabon barkono ne aka kawo daga kudu.

Magana ta fara yawo a unguwa wai ciwon ya taɓa kan Madam, ta koma wasan yara. Matan zumunta na cocinsu suka taso su biyar don yi mata addu'a. Ta karɓe su hannu bibbiyu, aka yi addu'ar, aka ce amin. Sai ta tura musu faifai ta ce tunda sun zo su ware mata fari daga shuɗi. Da na iso na tarar da shugabarsu ta ajiye jaka tana musu da wata a kan inda taga ya kamata ta zauna. Sai da mazajensu suka fara bugo waya.

Saratu ce kawai ba ta son harkar, don ita ke taka su ba takalmi. In ka ji ihu daga gidan, to an taka.

Daga katanga Madam ta koma rumfa, daga rumfa ta gina gadar Nukkai da 'yan keke a kai. Ta gina rajistarmu ma, har da kabad ɗin da muka zazzage. Wani ɗan guntun bulo ruwan ɗorawa a bakin ƙofa wai ni ce, na makara kamar kullum.

Akwai kuma wani baƙin littafi mai kauri da take ajiyewa ƙarƙashin filo. Kullum in ta tashi daga gini sai ta jawo shi ta juya mana baya. Na tambaye ta sau ɗaya me take rubutawa, ta ce in ya nuna zan gani.

Da aka sake kiran tantancewa, Madam ta ci ado kamar mai zuwa biki. Ta sa leshinta, ta sayi sabon biro ta maƙala a wuyan riga. Muna layi tana ta murza yatsu. Ni kuwa na san in biron nan ya sake faɗuwa, ba zan iya kallon fuskarta ba.

Layi ya zo. Ta zauna, ta zaro biro, ta cire marfi.

Yarinyar da ke teburin ta turo wata 'yar na'ura mai koren haske ta ce, "Mama, sa babban yatsa a nan. Yanzu an daina sa hannu, kowa yatsa yake ɗorawa."

Jama'a, na rasa inda zan sa kaina. Na toshe baki da gyale, kafaɗuna suna rawa. Madam ta kalli na'ura, ta kalli yarinya, ta kalle ni. Ta ɗora yatsan, na'ura ta yi ƙara. Sannan ta gyara zama ta ce ba inda za ta sai an kawo takarda.

Yarinyar ta ce ai an gama. Madam ta ce, "Ke kika gama, 'yata. Ni fiye da shekara nake shirin yau."

Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta dubi hannun, ta gane. Ta jawo takardar sunayen waɗanda suka halarta ta shimfiɗa mata, har da riƙe gefen kada ta motsa. Tsofaffin da ke layi suka miƙo wuya. Madam ta ɗora biro, a hankali, a hankali, R ya miƙe, sunan ya biyo, wutsiya ta zagayo ta ƙasa ta hau sama.

Wani dattijo a baya ya ce, "Kai, wannan ai hannun Madam ta rajista ne!" Wuri ya ɗauki tafi. Ita kuwa ta mayar da marfin biro ta ce mu tafi, rana na yi.

Na ɗauka daga nan za a tattara bulo a ba yaran unguwa. Ina! Ta ce a da magani ne, yanzu kuma nata ne, wanda ya isa ya taɓa.

Ranar Asabar ɗin nan na same ta tana gina gidansu na Mutum Biyu, da madafar babansu da rijiya. Saura rufi. Na kawo mata na rufin, ta zazzage ta ce wannan ruwan hoda ne, ita ja ta ce, ko idona ma ya yi ritaya ne? Ta rako ni har bakin titi tana nanata mini, "Ja, Hannatu. Ki ce wa Alhaji ja."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Jan yana cikin jakata tun jiya.

Ɗazu na je gidan. An sa tebur a baranda da hotonta, gefe ga gidan Mutum Biyu ba rufi. Ni da Saratu muka zauna muka rufa shi, muna yi muna share hawaye. Littafin da aka ajiye don masu ta'aziyya su sa suna kuwa, ina gani na gane shi. Baƙin littafin nan ne. Saratu ta ce da gangan ta fito da shi.

Na buɗe daga farko. Kowane layi sa hannu ɗaya ne, na rana ɗaya. Shafin farko ba ka ce suna ba ne, karce ne kawai, wani wurin biro ya huda takarda. Ina juyawa R yana tasowa. Can tsakiya wutsiya ta fara leƙowa. Na ƙarshe, na jiya, tsaf yake kamar ranar da na fara ganinsa a ofis.

A ƙarƙashinsa zan sa nawa. Na ɗora biro na yi jagwalgwalo, abin da na rubuta ko ni ban gane shi ba. Na ajiye biro zan tashi, sai na ji ta a kunnena sarai.

Na koma na zauna, na ja layi a kai, na sake.

Allah Ya jiƙanki, Madam. Allah Ya ba ki hutawa, Ya saka miki da alherin da kika yi mana. Ya ba Saratu da 'yan'uwanta haƙuri da juriya. Ku da kuka karanta har nan, Musulmi da Kirista, don Allah kowa ya sa ta da iyalinta a addu'a. In kuma za ku biya Nukkai gaisuwa, ku sa hannu da kyau a littafin nan, kun san halinta.