Minti Biyar a Gaban Kwamitin Ruwa

Gonata ta rani ita ce ta ƙarshe a kan kanal ɗin da ke ɗauko ruwa daga dam. Kafin ruwa ya iso wurina ya gaji tilis, kamar wanda ya tako daga Makka a ƙasa. Duk da haka albasa nake yi, irin wadda in an yanka guda sai unguwa ta kwana tana hawaye.

Wata shekara wani kamfanin tumatirin gwangwani ya kama fili a saman kanal. Ba a jima ba muka ji a rediyo za a sake tsarin rabon ruwa: kwana huɗu a mako na kamfani, uku namu. Albasa ba ta jure ƙishin kwana huɗu, balle tawa da ke can wutsiya. Aka ce wani kwamiti zai ji ra'ayin jama'a a birni. Muka cika mota, muka sa Baffa, wan mahaifina, a gaba, don shi ne dattijonmu kuma ya iya zance.

Mun yi shiri irin namu: zabi biyu da kwandon albasa, don ba a zuwa wurin manya hannu rabbana. A ƙofa mai gadi ya karɓe, ya ce doka ta hana ba kwamiti kyauta. Har yau ban ji dokar da ta hana mai gadi ba.

A ciki shugaban kwamiti ya ce kowane ɓangare minti biyar gare shi. Baffa ya miƙe, ya yi salati, ya gai da shugaba, ya tambayi iyali da gajiya. Ya bi mambobi ɗaya bayan ɗaya, har ya yi wa wani ta'aziyyar rasuwar da muka ji labarinta a mota. Na ja bakin rigarsa.

"Baffa, ruwa! Maganar ruwa!"

Ya kaɗe hannuna. "Kai, a gidanku haka aka koya maka? Ka faɗo wa mutane da buƙata ba gaisuwa?"

"Gidanmu ai gidanka ne, Baffa."

Yana cewa, "To, abin da ke tafe da mu," shugaba ya buga tebur. Lokaci ya cika.

Sai wakilin kamfani ya tashi, ko sannu bai ce ba. Baffa ya raɗa mini, "Wannan ba tarbiyya, ya kashe kansa." Amma na lura shugaba na gyaɗa kai tun mutumin bai kai aya ba, wani mamba ma ya tuna masa shafin da ya tsallake.

A hanyar dawowa direbanmu, wanda ya wuni a inuwa da direbobin manya, ya warware mana. Wata da watanni kamfanin na kwasar mambobin zuwa otal taron bita, yana zagawa da su masana'anta. Takardar tsarin ma lauyansa ne ya rubuta. Da muka wuce Dawanau sai Baffa ya ce, "Ashe shi ya riga ya gama gaisuwarsa."

Tsarin ya wuce yadda aka rubuta shi. Albasata ta wannan ranin ta fito kamar ƙwayar carbi, sai na haƙura da ita. Yanzu wake nake shukawa, shi ba ya fushi da ƙishi. Mai ɗakina kuwa duk ranar kasuwa sai ta aika a sayo albasa, ta dire a gabana, ta ce, "Malam, duba mana ko mai kyau ce, kai da ka san ta."