Hammatar Rigar Yaya

Tela ake ce mata, har 'ya'yanta in za su yi gulmarta haka suke kiran ta. Shagonta ɗaki ɗaya ne, da keken ɗinki, da dogon madubi mai tsaguwa a kusurwa, da tef ɗin awo da ba ya barin wuyanta. Haƙuri kam ba ta da shi, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba. In mace ta rantse ba ta ƙara ƙiba ba, Tela sai ta nuna mata tef.

Shekarar da aka yi mata aikin sankarar mama, likitar ta sha tambaya. Ƙullutun bai kai gyaɗa ba, don me aka cire shi har da duk naman da ke kewaye da shi?

"Ƙullutun ba shi kaɗai ke ɓarna ba," in ji likitar. "Ƙwayoyin naman da ke maƙwabtaka da shi, wani lokaci su ke buɗe masa hanya ya bazu. Masu bincike kuma suna ganin halin ƙwayoyin nan kan bambanta gwargwadon asalin mutum da kakanninsa."

"Ashe da ɗan gari akan ci gari," in ji Tela.

Maganar kakannin ce ta tsaya mata a rai. Wannan ciwo ya ɗauke Innarsu, ya ɗauke ƙanwar Inna, amma a gidansu ba a kiran sunansa, sai dai a ce wance ta yi jinya.

Wata safiya Yaya, wadda ta raine ta bayan rasuwar Inna, ta kawo yadi.

"Ki ɗan buɗa mini hammatar dama, na fi son sakewa."

Tun Tela tana koyo take yi wa Yaya ɗinki, ta kuma san Yaya ba ta son riga sai ta kama jiki. Yau kuma gefe ɗaya? Ta zagaya da tef ƙarƙashin hannun, Yaya ta zabura. Tela ta janye tef ɗin. Ta naɗe yadin ta cilla shi saman kantar shagon.

"Ba zan ɗinka ba sai mun je asibiti."

"Ke! Ni na goya ki fa."

"Shi ya sa, Yaya."

Yaya ta fita da fushi. Tela ta garƙame shago, ta bi ta gida, ta zauna a bakin gadonta. Kullum da safe haka take yi, masu ɗinki na ta kiran waya tana kashewa. Rannan dai Yaya ta gaji, ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Tsoro nake ji. Inna ana taɓa ta da wuƙa ya bazu."

"Inna ta je a makare, shi ya sa."

Tela ta sa hannu cikin rigarta, ta zaro ɗan matashin audugar da ta ɗinka wa kanta a madadin nonon da aka cire, ta ajiye shi a cinyar Yaya.

"Ni an taɓa ni da wuƙa. Ga ni nan ina hana ki sakat."

Yaya ta daɗe tana juya matashin a hannu, hawaye na zuba, sannan ta jawo mayafinta.

Suna zaune a layin ganin likita, Yaya ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Rigar tawa fa?"

"Bari likita ta gama nata awon," in ji Tela, "sannan in yi nawa."